YAWAN GAM DA TAFASAR INJI: DARASI GA MASU MOTOCI, DIREBOBI DA KANIKAWA

Gabatarwa

Tun da aka kafa Yankin Babban Birnin Tarayya a shekarar 1976, kuma Gwamnati ta tare a Abuja ran 12 ga Disamba, 1991, akasarin ma'aikata da 'yan kasuwar birnin a garuruwan kewaye suke kwana, kamar su Kubwa, Lugbe, Gwagwalada, Nyanya, Mararraba da Suleja. Saboda haka motar Abuja ba ta hutawa. Kullum tana tsakanin doguwar tafiya a guje da tsayuwa cikin cunkoso, ga kuma zafin watannin Maris da Afrilu wanda yakan kai digiri 37 ko fiye. Wanda ya saba bin hanyar Nyanya ta kan tudun Kugbo ba zai rasa ganin mota a gefen titi ba, an ɗaga murfin injinta, tururi na tashi, direba na neman ruwa a jarka.

In aka tambayi mai motar dalili, sai ya ce zafin rana ne, ko kuwa tsufan mota. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa ciwon ya samo asali ne a gareji, kwanaki ko makonni kafin ranar, daga wani ɗan bututun gam da bai kai kuɗin mai na yini ɗaya ba. An shirya wannan ɗan littafi don a bayyana wa jama'a abin da gam yake, inda ya dace a sa shi, inda bai dace ba, da yadda yawansa ke toshe hanyoyin ruwa har inji ya ƙone. Abin da ake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne: duk gam ɗin da ka ga ya bulbulo waje bayan an ɗaure noti, to, kamarsa ya bulbula cikin inji inda idonka ba ya kaiwa.

1. Yadda Inji Ke Sanyaya Kansa

Inji wuta ce a cikin ƙarfe. Duk sa'ad da fulogi ya kunna cakuɗen mai da iska a cikin silinda, zafin da ke tashi yakan wuce digiri 2,000 a ma'aunin Santigired. Shi kuwa alminiyon da ake ƙera kan injin yawancin motocin yanzu da shi, a digiri 660 yake narkewa. Daga ƙarfin da ke cikin man fetur, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kaɗai ke juya ƙafafun mota. Kashi ɗaya yana fita ta salansa. Sauran kashi ɗayan kuwa ruwa ne ke kwashe shi ya kai lagireto, iska ta ɗauke.

Ga yadda ruwan ke zagayawa. Famfon ruwa, wanda bel ke juyawa a yawancin motoci, shi ke tura ruwa ya kewaye silindodi a cikin gangar inji. Daga nan ruwan ya hau ta wasu ƙananan ramuka da ke jikin gasket zuwa kan inji, wanda kanikawa ke kira tof. Sa'an nan ya fita ta wata 'yar ƙofa mai buɗe kanta, watau tamostat, wadda takan fara buɗewa in zafi ya kai tsakanin digiri 80 da 90. Daga nan ya bi tiyo ya shiga lagireto, ya ratsa waɗansu siraran bututu masu yawa, fanka da iskar tafiya su hura shi ya huce, ya sake komawa wurin famfo.

A lura da waɗannan siraran bututu da kyau, domin nan ne maganarmu za ta dawo. Faɗin kafar kowannensu bai fi milimita 1 zuwa 2 ba, watau bai kai kaurin tsinken ashana ba. Haka aka yi su da gangan, don ruwa ya bazu ya taɓa ƙarfe ko'ina ya huce da sauri. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin lagireto a ɓoye bayan dashbod, wanda ke ba da iska mai ɗumi lokacin hunturu. Bututunsa ma sirara ne ƙwarai.

Murfin lagireto shi ma yana da nasa aiki. Ruwa zalla a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100. Amma murfin yana da sifirin da ke danne ruwan, ya hana shi tafasa sai ya kai wajen digiri 120. In kuma an gauraya ruwan da maganin sanyaya inji rabi da rabi, ya kan ƙara jurewa. Ashe ke nan tsarin duka ya dogara ga abu biyu: kada ruwa ya zurare waje, kada kuma wani abu ya tare masa hanya a ciki. Gam da aka yi amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba yana ɓata duka biyun.

2. Gasket Da Gam: Kowanne Da Aikinsa

Duk inda ƙarfe biyu suka haɗu a inji, kome santsinsu, akwai 'yan kwazazzabai da ido ba ya gani. Gasket, wanda tsofaffin kanikawa ke kira fakin, shi ne shimfiɗar da ake sawa tsakaninsu ta cike waɗannan gurabe in an ɗaure. Akwai na takarda mai ƙwari, akwai na roba, akwai zoben roba mai zama cikin rami, akwai kuma na kan inji wanda a motocin zamani ake yi da faranti-faranti na bakin ƙarfe masu siririn shafi a jikinsu. Kowane gasket an auna kaurinsa da ramukansa daidai da injin da aka yi shi dominsa.

Gam kuwa, irin wanda ake sayarwa cikin bututu, ja ko baƙi ko toka-toka, da silikon ake yin akasarinsa. Yana fitowa da taushi kamar man goge haƙori, sa'an nan laimar da ke cikin iska ta mai da shi roba. Bayansa yakan yi ɓawo cikin mintoci kaɗan, amma cikinsa ba ya ƙanƙara sosai sai bayan awa 24.

Gam abu ne mai amfani, kada wani ya ɗauka ana kushe shi ne. Kamfanonin ƙera motoci da kansu suna amfani da shi. A injuna da yawa na Toyota da Honda, alal misali, kwanon baƙin mai na ƙarƙashin inji da murfin gaban inji ba su da gasket ko kaɗan, gam ne aka zizara musu tun daga masana'anta. To, amma a can na'ura ce ke zizara shi, siriri, a kan ƙarfe mai tsabta, daidai gwargwado. Ƙa'idar ita ce: inda maƙerin mota ya sa gasket, a sa gasket, inda ya sa gam, a sa gam, ba a haɗa su wuri ɗaya sai a 'yan kusurwoyin da littafin gyaran motar ya ambata, kamar inda ƙarfe uku suka haɗu, nan ma ɗigo kawai.

3. Ina Gam Ɗin Ke Zuwa?

A ɗauka an kawo mota gareji famfon ruwanta yana yoyo. An sayo sabon famfo da gasket ɗinsa. Yaron gareji, don gudun kada mai mota ya dawo da ƙorafi, sai ya lafta gam a fuskar famfo, ya lafta a fuskar inji, ya shafe gasket ciki da baya, ya ɗaure. In ya ga gam ya fito ta ko'ina a gefe sai ransa ya yi daɗi, ya ce aiki ya yi.

Amma tazarar da ke tsakanin ƙarafan nan biyu bayan an ɗaure ba ta kai kaurin farce ba. Gam ɗin da aka lafta dole ya nemi mafita, kuma mafita biyu gare shi: waje da ciki. Na waje ana gani, a goge da tsumma. Na ciki kuwa ya zama wani zare na roba yana reto a hanyar ruwa. In ba a jira ya bushe ba aka zuba ruwa aka ta da inji, nan take ruwan zai wanke shi ya tafi da shi. In an jira ya bushe ma, ruwan zafi mai gudu da jijjigar inji za su yi ta fizgarsa har ya tsinke, yau ko bayan wata guda.

Da ya tsinke sai ya bi ruwa, ya je ya maƙale inda hanya ta fi ƙunci. Wuraren da aka fi samunsa su ne:

(a) Bakin bututun lagireto. Kowane guntu ya toshe bututu ɗaya ko biyu. Da farko ba a lura, domin sauran suna aiki. Amma in an toshe da yawa, sai ya zama tamkar an sa wa babbar mota lagireton ƙaramar mota.

(b) Tamostat. Guntun gam kan shiga bakinta ya hana ta buɗewa sosai, ko ya hana ta rufewa. Yakan kuma toshe ɗan ƙaramin ramin da iska ke fita ta ciki sa'ad da ake cika ruwa, iska ta taru a kan inji.

(c) Ramukan gasket na kan inji. An yi waɗannan ramuka waɗansu manya waɗansu ƙanana don kowace silinda ta sami rabonta na ruwa. In ɗaya ya toshe, wurin zai yi ta ƙuna alhali agogon zafi bai nuna kome ba, domin shi agogon zafin ruwan wuri ɗaya kawai yake aunawa.

(d) Ƙaramin lagireton bayan dashbod, da na'urar sanyaya baƙin mai a motocin da ke da ita.

In kuwa a kwanon baƙin mai aka lafta gam ɗin, to, rariyar da famfon mai ke tsotso ta cikinta ita ce za ta toshe. Mai ya kasa isa ga ƙarafan da ke gogayya, su yi zafi, inji ya buga. Wannan ta fi tafasa muni, domin tana iya kashe inji cikin 'yan mintoci.

4. Kurakurai Shida Da Aka Fi Yi

Na ɗaya, shafa gam a gasket na kan inji. Wannan gasket shi ke tsare wuta da ruwa da mai kada su haɗu. Ƙarfin fashewar da ke cikin silinda yakan ninka nauyin iskar da muke shaƙa sau hamsin ko fiye, ga zafin da muka ambata. Gam na silikon, ko mafi ƙarfinsa, ba ya jure zafin da ya wuce wajen digiri 300. Bayan haka kuma yana hana gasket zama daram a kan ƙarfe. A bushe ake sa gasket na kan inji, sai fa in maƙerin motar ya faɗi wani abu dabam.

Na biyu, mai da tsohon gasket da taimakon gam. Gasket da aka taɓa ɗaurewa ya riga ya lotse, ba ya sake kumbura. Araha ba ta ado.

Na uku, shafa gam a zoben roba ko gasket na roba. Ɗanyen gam santsi gare shi kamar man shafawa. In an ɗaure, sai robar ta zame daga mazauninta ko ta tsage, wurin da aka so a toshe ya zama shi ne ke yoyo.

Na huɗu, barin gam ya shiga ramin noti. Waɗansu ramukan ba su ɓulle ba. In gam ya cika ƙasansu, notin zai ji kamar ya ɗauru alhali bai danne kome ba, ko kuwa ƙarfin matsin ya tsaga alminiyon.

Na biyar, toshe ɗan ramin da ke ƙarƙashin famfon ruwa. An bar wannan rami ne musamman don ya nuna cewa robar cikin famfo ta mutu. In yana ɗiga, famfon ne ke neman canji. Wanda ya liƙe shi da gam ya mai da ruwan cikin boris ɗin famfo, kuma ba da daɗewa ba famfon zai ƙage a tsakiyar hanya.

Na shida, sa gam ɗin da ba na wurin ba. Akwai gam mai warin tsami mai hawa kai, irin na liƙe gilashi da bahon wanka. Tsamin da yake fitarwa yana cin ƙarfe, tururinsa kuma yana kashe na'urar da ke cikin salansa mai auna iskar hayaƙi. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da wannan na'ura, aka fara sa ta a motocin Volvo a 1976, yanzu kuwa kusan kowace motar fetur tana da ita. In ta mutu, mota ta shiga shan mai ba gaira ba dalili. Haka nan silikon ba ya shiri da fetur, narkewa yake yi, don haka ba a sa shi a tanki ko hanyar mai.

Akwai wata ɗabi'a 'yar'uwar waɗannan, watau zuba ɗanyen ƙwai ko garin barkono ko sabulu a lagireto don tsai da yoyo. Abin da zai iya toshe huda daga ciki, zai iya toshe bututu. Maganin toshe yoyo na gwangwani ma na fita kunya ne kawai, ya kai ka gareji, ba a mai da shi gyara na dindindin.

5. Me Ya Sa Motocin Yanzu Ba Su Da Haƙuri?

Wani dattijon bakanike zai ce tun zamanin Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975, haka suke aiki, ba su ga abin da ya faru ba. Maganarsa tana da kama, amma zamani ya sake. Lagireton motocin wancan lokaci na tagulla ne, mai ɗaukar ruwa da yawa, kuma in ya toshe mai gyaran lagireto zai narkar da dalma ya buɗe shi ya zurara waya ya share bututun ɗaya bayan ɗaya. Volkswagen ƙirar kunkuru da aka harhaɗa a Ikko kuwa ba ta ma amfani da ruwa, iska ce ke sanyaya ta.

Motocin da suka cika titunanmu yau, sababbi da waɗanda aka shigo da su bayan an yi amfani da su a Turai da Amurka, lagiretonsu na alminiyon ne da kawunan roba, ruwansu kaɗan ne, bututunsu sirara. Kan injinsu na alminiyon ne, wanda in ya ji zafi yakan buɗe kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe ke buɗewa. A injuna da yawa, in kan inji ya lanƙwashe fiye da kashi 5 cikin 100 na milimita ɗaya, abin da bai kai kaurin gashin kai ba, maƙeransa sun ce bai ƙara zama daidai. Tafasa ɗaya tak ta isa ta jawo haka.

6. Alamun Da Za A Lura Da Su

Mai mota ya sa ido musamman a makonnin farko bayan an taɓa famfon ruwa, ko tamostat, ko kan inji. Ga alamun:

(a) Agogon zafi yana hawa in ana gudu a doguwar hanya, kamar ta Kaduna ko ta Lakwaja, ko in ana hawan tudu da kaya, sa'an nan ya sauko in an rage gudu. Wannan alamar toshewar lagireto ce. In kuwa a cikin cunkoso kaɗai yake hawa, ya sauko da an sami hanya, a fara duba fanka.

(b) Gutsattsarin roba ja ko baƙi ko toka-toka a wuyan lagireto ko cikin robar ajiyar ruwa.

(c) Bayan an kashe inji ya ɗan huce, a shafa fuskar lagireto a ji wani sashe da zafi wani sashe da sanyi. A yi hattara da fanka, domin ta lantarki takan tashi da kanta ko an kashe mota.

(d) Hita ta daina ba da iska mai ɗumi.

(e) Ruwa yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, ko kumfa tana tasowa a wuyan lagireto, ko farin hayaƙi yana fita ta salansa bayan inji ya yi zafi, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Waɗannan suna nuna gasket na kan inji ya riga ya ƙone.

(f) Jar fitilar mai tana ƙyaftawa. A kashe inji nan take.

Wani gargaɗi: in mota ta fara zafi, waɗansu sukan cire tamostat su jefar, su kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa, su ce ai ƙasarmu ƙasar zafi ce. Wannan rufe ciwo ne da tsumma. Toshewar tana nan inda take, ga shi an ƙara wata matsala, domin inji da ba ya kaiwa zafin da aka tsara masa yana shan mai fiye da kima, yana kuma saurin cinyewa.

7. In Mota Ta Tafasa A Hanya

Ka kauce daga kan titi, ka kunna fitilun gargaɗi, ka kashe inji, ka ajiye alamar tsayawa mai kusurwa uku a bayan mota. Kada ka ce bari in ƙarasa, ai saura kaɗan. Wannan kaɗan ɗin ita ce takan raba mutum da injinsa.

Kada ka buɗe murfin lagireto. Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, murfin ne kaɗai ya hana shi zama tururi. Da ka murɗa zai yi tsartuwa zuwa fuska da ƙirji. Ka jira aƙalla rabin awa, sa'an nan ka rufe murfin da tsumma mai kauri ka murɗa a hankali. Kada kuma ka kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, yana iya tsagewa.

In tsautsayi ya sa wani ya ƙone, a yi ta zuba wa wurin ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a kai shi asibiti. Kada a shafa ƙwai, ko man goge haƙori, ko baƙin mai. In motar ta tare hanya ko an yi haɗari, a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, a lamba 122.

8. Yadda Ake Aikin Bisa Ƙa'ida

Ga kanikawa da yaransu, ko a Apo kuke, ko a Zuba, ko a kowane gari na ƙasar nan:

1. A duba littafin gyaran motar a san ko wurin na gasket ne ko na gam. Yau ana samun waɗannan bayanai ta intanet a wayar hannu.

2. A kankare tsohon gasket da tsohon gam tas, da abin kankara na roba in alminiyon ne, kada a karce fuskar ƙarfen. A cusa tsumma a ramukan ruwa da na mai kafin a fara, a kuma tuna a cire shi.

3. A goge da abin da ke wanke maiƙo, a bari ya bushe. Gam ba ya kama mai, ba ya kama ruwa.

4. In wurin na gam ne, a yanka bakin bututun kaɗan, a zizara zare ɗaya mai kaurin milimita 2 zuwa 3, ba yankewa, a fuska ɗaya kaɗai, a bi ta gefen ciki na ramukan noti.

5. A haɗa cikin mintocin da aka rubuta a jikin bututun, kafin gam ya yi ɓawo.

6. A ɗaure noti daga tsakiya zuwa gefe, hagu da dama, kaɗan-kaɗan, da sufana mai ma'auni. Notocin kan injin motoci da yawa miƙewa suke yi in an ɗaure su, saboda haka sau ɗaya ake amfani da su.

7. A jira gam ya bushe gwargwadon lokacin da aka rubuta kafin a zuba ruwa ko mai. Sauri ya haifi nawa.

8. A cika da maganin sanyaya inji irin wanda ya dace da motar, a fitar da iska, a ta da inji har fanka ta tashi ta tsaya, a duba yoyo. Ruwan rijiya ko na burtsatse zalla yana barin tsatsa da gishiri a bututu. Shi kuma maganin sanyaya inji guba ne mai zaƙi-zaƙi, a nisanta shi daga yara da dabbobi, kada a zuba shi a gorar abin sha.

In ɓarna ta riga ta auku, watau gam ya shiga ruwa, sai a cire tamostat a wanke ta ko a canja, a cire lagireto a ɗura masa ruwa ta hanyar da ta saɓa wa yadda ruwan ke bi, haka ma ƙaramin lagireton hita da gangar inji. A sani cewa maganin wanke lagireto tsatsa yake ci, ba ya narkar da silikon. In bututun sun toshe da yawa, ba makawa sai an buɗe lagireton ko a sayi wani. In kuwa injin ya tafasa sosai, a auna kan inji a ga ko ya lanƙwashe kafin a sa sabon gasket, in ba haka ba sabon ma zai ƙone.

9. Haƙƙin Kowa

Laifin ba na bakanike kaɗai ba ne. Sau da yawa mai mota ne ke tsaye a kansa yana cewa, "Malam, yi sauri, gobe da asuba zan kama hanyar Kano," ko kuwa, "Oga, bar maganar sabon gasket, shafa masa gam kawai." Bakanike nagari ya kamata ya amsa da cewa, "Ranka ya daɗe, in na yi haka na cuce ka. Ka bar min ita ta kwana." Mai mota kuma yana da ikon ya tambaya cikin ladabi: wurin nan na gasket ne ko na gam? Ina tsohon da aka cire? Awa nawa gam ɗin yake bukata kafin a zuba ruwa?

Wajen sayen kaya, a kasuwar Gudu ne ko a wata, a duba ranar da gam zai lalace, domin wanda ya tsufa ba ya bushewa daidai. A gwada sabon gasket a kan tsohon a ga ramukansu sun dace. Wanda ya ga kayan jabu yana iya kai ƙara ga Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya. Iyayen gida a gareji kuma su tuna cewa abin da yaro ya ga ana yi, shi zai yi in ya buɗe nasa wurin.

Tambayoyi Don Bita

1. Bayyana hanyar da ruwa ke bi daga famfo har ya dawo famfo.
2. Me ya sa gam ɗin da ya bulbulo waje yake nuna akwai haɗari a ciki?
3. Kawo wurare huɗu da guntun gam ke maƙalewa.
4. Don me ba a shafa gam a gasket na kan inji?
5. Yaya za ka rarrabe toshewar lagireto da mutuwar fanka ta hanyar duban agogon zafi?
6. Me ya kamata a yi, me kuma bai kamata a yi ba, in mota ta tafasa a hanya?

Kammalawa

Mota ga mutane da yawa ita ce gona, ita ce shago. Direban tasi da injinsa ya ƙone, gidansa ne tukunya za ta sauka. Ƙasa ma tana asara, domin akasarin injuna da kayan gyara daga waje ake sayo su da kuɗin musaya. Abin da zai hana wannan asara ba shi da tsada: fuskar ƙarfe mai tsabta, sabon gasket, zaren gam siriri inda ya dace, da haƙurin kwana ɗaya. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, a tasha da gareji da majalisa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.